Yadda za ka gane gubar endotoksin ta kama dabbarka, da abin da za ka yi kafin likita ya iso

Saniya ta haihu kwana uku ko huɗu, da safe ka tatse ta lafiya lau, da yamma ka dawo ka same ta a kwance, kunnuwa sun yi sanyi, ta daina tuƙa, ɓangare ɗaya na hantsar ya kumbura ya yi tauri, ka matsa kan nonon sai wani ruwa-ruwa mai ɗan rawaya yake fita maimakon madara. Abin da yawancinmu muke yi shi ne a zuƙo antibayotik a danna mata, a koma gefe a zuba ido. Wani lokaci ta tashi, wani lokaci kuma kafin gari ya waye ta tafi, sai a ce ai maganin ne jabu. To ɗan'uwa sau da yawa maganin ba shi da laifi. A irin wannan hali ba ƙwayar cutar ce take kashe dabbar kai tsaye ba, jikin dabbar ne da kansa yake tashi yaƙi har ya wuce gona da iri ya rusa kansa, kuma abin da yake tunzura shi shi ne wata guba da ake kira endotoksin. In ka fahimci yadda take aiki, wallahi yadda kake duba dabba mara lafiya zai canja gaba ɗaya.

Fara da sanin mece ce gubar

A 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Gram ya fito da hanyar rina bakteriya don a gan su a madubin likita, sai aka lura wasu suna riƙe rinin wasu kuma ba sa riƙewa. Waɗanda ba sa riƙewa su ake ce wa Giram-negatib, kuma su ne namu a yau: E. coli, Salmonella, Klebsiella, Pasteurella, Mannheimia da ire-irensu. Suna da wata riga ta biyu a waje, kuma fuskar wannan rigar cike take da wani sinadari da ya haɗa kitse da sukari, lipopolisakarayid, a taƙaice LPS. Shi ne endotoksin ɗin. Yana da dogon jela na sukari da yake leƙowa waje, da wani guntun sukari a tsakiya, sai saiwarsa ta kitse da ke kafe a cikin rigar wadda ake kira lipid A, kuma wannan saiwar ita ce mai tayar da ƙura.

Wanda ya raɗa mata suna shi ne Richard Pfeiffer, yana aiki a cibiyar Robert Koch a Balin ta ƙasar Jamus wajen 1892. Ya kashe ƙwayoyin cutar kwalara da zafi, ya yi wa ɓerayen Masar allurarsu, amma duk da haka dabbobin suka mutu. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan, domin shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa: ƙwayar cutar matacciya ce, ba ta hayayyafa, ba ta cin komai, amma gawarta ta kashe dabba. Hasali ma lokacin da bakteriyar ta mutu ta fashe, ko take hayayyafa da sauri, lokacin ne gubar take zubowa da yawa.

Kuma tafasawa ba ta lalata ta. Kamfanonin magani sai sun gasa kwalabe a busasshen zafi na digiri 250 na wajen minti 30 kafin su tabbata sun rabu da ita. Shi ya sa don Allah kar ka taɓa tafasa ruwa ka ce za ka haɗa shi ka sa wa dabba ta jijiya, ko ka dama garin allura da shi, tafasawar za ta kashe ƙwayoyin amma gubar tana nan daram.

Yadda jiki yake jin ta, da abin da yake biyo baya

Da zarar LPS ya shiga jini ko ya shiga cikin nama, akwai wani furotin da hanta take yi mai suna LBP, shi yake ɗauko shi ya miƙa wa wani mai suna CD14, shi kuma ya miƙa wa MD-2 wanda yake manne da TLR4 a jikin fararen ƙwayoyin jini, musamman manyan nan masu haɗiye ƙwayar cuta da ake kira makrofej. TLR4 ɗin nan shi ne mai gadin ƙofa. In lipid A ya zauna a gurbinsa sai TLR4 biyu su haɗe, saƙo ya shige cikin ƙwayar, wani furotin mai suna NF-kB ya kutsa cikin cibiyarta ya kunna umarnin yaƙi. Bruce Beutler da abokan aikinsa ne a Amurka suka gano a 1998 cewa TLR4 ne yake jin LPS, ta hanyar binciken wasu ɓeraye da gubar ba ta yi musu komai saboda nasu TLR4 ɗin ya lalace, kuma aikin yana cikin abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2011. Abin da ya fi burge ni a labarin ɓerayen nan shi ne, eh guba ba ta kashe su, amma in Salmonella mai rai ta shige su sai ta cinye su cikin sauƙi, don jikinsu bai ma san abokin gaba ya shigo ba. Kaga kenan wannan tsarin ba kuskure ba ne, kariya ce Allah ya yi wa dabba, matsalar tana zuwa ne in gangar yaƙin ta kaɗa a ko'ina cikin jiki lokaci guda maimakon wuri ɗaya.

Abin da makrofej yake fitarwa su ne sitokin, wasu ƙananan furotin masu kai saƙo. Na farko da yake tashi shi ne TNF-alfa, cikin awa ɗaya zuwa biyu ya kai ƙololuwa, sai IL-1 da IL-6 su biyo. Daga nan duk alamar da kake gani a dabbar tana da dalilinta, kuma ina so ka riƙe su don su ne za su taimake ka wajen dubawa.

Zazzaɓi: sitokin suna sa jiki ya yi wani sinadari, furostagilandin E2, shi kuma ya je wani wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa da yake daidaita zafin jiki ya ɗaga ma'aunin, sai dabba ta fara rawar sanyi gashi ya miƙe. Su ne kuma suke kashe sha'awar abinci, su tsayar da motsin tumbi da hanji, shi ya sa tuƙa take tsayawa tun da wuri. Sannan jijiyoyin jini suna saki su buɗe saboda wani sinadari mai suna nitirik okzayid, bangonsu kuma ya fara yoyo, ruwan jini ya tsiyaye cikin nama da hanji, to ka haɗa buɗaɗɗen bututu da ƙarancin ruwa, ƙarfin jini ya faɗi ƙasa, zuciya ta dinga bugu da sauri don ta cike gibin, jiki kuma ya janye jini daga kunnuwa da ƙafafu da fata ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa, shi ne sanyin kunnen da kake ji. Fararen ƙwayoyin jini masu saurin kai hari, nutrofil, suna manne wa bangon jijiyoyi, har in an auna jini a awannin farko sai a ga adadinsu ya yi ƙasa sosai maimakon ya hau, kuma a inda suka manne suna zubar da sinadarai masu ƙona nama. Jini kuma yana fara daskarewa ƙanana-ƙanana a cikin siraran jijiyoyi, ƙoda da hanta da huhu su rasa isasshen jini, in abin ya yi nisa kayan daskarar da jinin su ƙare sai kuma dabba ta koma zubar jini, ka yi allura wurin ya ƙi tsayawa. Sukarin jini yana hawa da farko sannan ya faɗi, kalsiyam ma yana sauka, wanda yake ƙara wa saniya wahalar tashi.

Dabbobi ba ɗaya suke ba wajen jin gubar. Doki, saniya, tunkiya, akuya da alade suna da wasu makrofej da suke zaune a cikin jijiyoyin jinin huhunsu, don haka guba kaɗan tana iya sa numfashinsu ya rikice nan da nan. Doki ya fi kowa rauni a nan. Ɓera da kaza kuwa suna jure adadin da zai kayar da doki.

Tambayi kanka: daga ina ta shigo?

Wannan tambayar ita ce rabin aikin, domin muddin ƙofar da gubar take shigowa tana buɗe, duk maganin da ka bayar kamar ɗiban ruwa da kwando ne.

A saniyar tatsa abu na farko hantsa, E. coli ko Klebsiella daga kashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa suna shiga ta kan nono su hayayyafa cikin madara da saurin gaske. Na biyu mahaifa bayan haihuwa, musamman in mabiyiya ta maƙale ko an sa hannu mara tsabta wajen jan ɗan, za ka ji wari da jan ruwa mai duhu yana fita. Na uku tumbi, kuma wannan mutane ba su cika kawo shi a rai ba. Tumbin dabba da hanjinta cike suke da bakteriya Giram-negatib ko da tana lafiya, gubar tana nan kullum amma bangon hanji yana tare ta, ɗan abin da ya tsallake kuma hanta ta tace shi. Ranar da dabba ta kwance ta afka wa buhun hatsi, ko aka ƙara mata abinci mai sitaci farat ɗaya, sai tumbin ya yi tsami, bakteriyar su mutu da yawa su saki guba, tsamin kuma ya ƙona bangon, ƙofa ta buɗe. Tsananin zafin rana ma yana raunana bangon hanji saboda jini yana komawa fata.

A jarirai, maraƙi ko ɗan tunkiya ko ɗan akuya ko ɗan doki da bai sha dakashi isasshe ba, ƙwayar tana shiga jini ta cibiya ko ta hanji. A 'ya'yan tumaki akwai wani ciwo da yake zuwa tsakanin awa 12 zuwa 72 da haihuwa, baki ya jiƙe da yawu yana dalala, ciki ya kumbura, ɗan ya ƙi tsotso. A doki kuwa ciwon ciki mai murɗe hanji, zawo mai tsanani, da goɗiyar da mabiyiyarta ta wuce awa 3 ba ta faɗo ba. A karya, mahaifa mai cike da mugunya, a 'yan kwikwiyo kuma cutar fabo da take sale hanji. Ciwon huhu na Pasteurella da Mannheimia shi ma yana ciki.

Yadda za ka duba ta, cikin minti goma

Ka mallaki tamomita, wannan ba abin jayayya ba ne, taɓa kunne ko hanci da hannu ba ya gaya maka zafin cikin jiki. Ka sa ta dubura ta taɓa bangon, ba cikin kashi ba. Saniya mai lafiya tana wajen digiri 38 zuwa 39.3, doki 37.5 zuwa 38.5, tunkiya da akuya wajen 38.5 zuwa kusan 40. Yanzu ga inda mutane da yawa suke faɗawa rami: zazzaɓin endotoksin na awannin farko ne, in abin ya yi nisa zafin yana saukowa daidai, daga nan ya wuce ƙasa. To sai mutum ya auna ya ga 38 ko 37.5 a saniyar da take kwance idanu sun faɗa, ya ce alhamdulillahi babu zazzaɓi. A'a. Dabbar da take kwance, jiki sanyi, zafi ƙasa da daidai, ta fi mai zazzaɓin 41 da take tsaye shiga haɗari nesa ba kusa ba. Kar ka taɓa karanta tamomita ita kaɗai.

Sai bugun zuciya. Sa hannu ko abin sauraro a bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu, ƙirga na sakan 15 ka ninka sau 4. Babban doki yana tsakanin 28 da 44 a minti, in ya haura 60 yana hutawa to akwai magana babba. Saniya wajen 60 zuwa 80, in ta wuce 100 ka ɗauki abin da gaske. Ni a wurina bugun zuciya ya fi zafin jiki faɗin gaskiya a wannan ciwon.

Ɗaga leɓe ka kalli dasashi, in dasashin baƙi ne ka duba cikin fatar ido ko cikin farji. Mai lafiya ruwan hoda ne mai danshi. Da farko yana iya yin fari-fari, sannan ya koma ja jawur kamar bulo, daga ƙarshe ya yi duhu ya nufi shuɗi, a doki har wani jan layi mai duhu yake fitowa a gefen haƙoran gaba. Danna da yatsa ka saki, launin ya kamata ya dawo cikin sakan 2, in ya kai 3 ko 4 jini ba ya zagayawa yadda ya kamata. Ja fatar wuya ka saki ka ga ko ta koma nan take ko ta tsaya a tsaye, kalli ko ido ya faɗa cikin rami, taɓa kunnuwa da ƙafafu. A masu tuƙa, danna dunƙulen hannu a kwiɓin hagu na minti 2, ya kamata ka ji tumbi ya motsa sau biyu ko uku, in shiru ne ka rubuta. Tatsi kowane kan nono daban a kan abu mai duhu. Duba ƙarƙashin jela. A jariri sa yatsa mai tsabta a baki ka ji ko yana tsotso kuma bakin da ɗumi, taɓa cibiya, kalli farin ido ko jijiyoyinsa sun yi ja, taɓa gaɓoɓi ko sun kumbura.

Rubuta komai da lokacinsa, ka sake bayan awa ɗaya. Lamba ɗaya ba ta faɗin inda aka dosa, amma in bugun zuciya ya tashi daga 84 zuwa 104 zafi kuma ya sauka, ka san ƙasa take yi. Kuma in ka kira likita ka karanta masa waɗannan lambobin zai san abin da zai ɗauko da irin gudun da zai yi.

Abin da za ka yi da hannunka

Kira likitan dabbobi tun a dubawar farko, kar ka ce bari mu ga zuwa safe, wannan ciwon da awa ake lissafinsa ba da kwana ba.

Kafin ya iso, kai ta inuwa in ana zafi, in jariri ne da jikinsa ya yi sanyi ka busar da shi ka ɗumama shi. Ajiye ruwa mai tsabta a gaban bakinta inda za ta iya kaiwa ko tana kwance. Janye hatsi gaba ɗaya, bar ciyawa mai kyau. Amma in hatsi ta afka wa, ka tambayi likita ta waya kafin ka bar ta ta sha ruwa da yawa, don a awannin farko hakan yana iya ƙara dagula tumbin. In hantsa ce, tatse wannan ɓangaren har ƙarshe a cikin bokiti, kana maimaitawa bayan 'yan awanni, duk abin da ka fitar guba ce ka rage mata, kuma ka zubar da shi inda maraƙi da sauran dabbobi ba za su kai ba. Saniyar da take kwance ka yi mata shimfiɗa mai kauri da laushi, ka tallafe ta ta zauna a kan ƙirji kar ta mimmiƙe a gefe, kana juya ta daga wannan ɓangaren zuwa wancan bayan kowane awa uku ko huɗu, nauyinta kaɗai yana iya kashe naman cinyar da take kai.

Abin da nake roƙonka kar ka yi shi ne ɗura. Dabbar da ta galabaita ba ta haɗiya da kyau, ka ɗaga kanta ka ɗura mata ruwa da kwalba sai ya tafi huhu, ka ƙara mata ciwo a kan ciwo. In za a ba da ruwa mai yawa ta baki, da tiyo ake sa shi har cikin tumbi, kuma sai wanda ya iya. Kar kuma ka ja mabiyiya da ƙarfi, kana yaga bangon mahaifa ne kana buɗe wa gubar hanya.

Abin da likita zai yi, don ka san dalilin kowanne

Ruwa shi ne gaba da komai, kuma ruwa mai yawa. Yi lissafi: saniya mai kilo 400 da ta rasa kashi 8 cikin 100 na nauyinta a ruwa, lita 32 ke nan take bin bashi. Leda ɗaya ta rabin lita da ake rataya mata a ce an yi ƙarin ruwa ba ta kai ko'ina ba. Shi ya sa a manyan shanu likitoci suke amfani da ruwan gishiri mai kauri na kashi 7.2 cikin 100, mililita 4 zuwa 5 a kowane kilo ta jijiya cikin 'yan mintuna, wato wajen lita 2 ga wannan saniyar, yana jawo ruwa ya dawo cikin jijiyoyi nan take kuma ya sa ta ƙishirwa, amma dole a bi shi da ruwan sha lita 20 zuwa 40, in ba ta sha da kanta ba a sa mata da tiyo, in ba haka ba an cuce ta.

Na biyu maganin kumburi irin su fuluniksin ko meloksikam. Suna toshe hanyar da ake yin furostagilandin, zazzaɓi ya sauka, zafin ciwo ya ragu, dabba ta samu ta ci ta sha. Amma suna da haƙori: in dabba ta bushe babu ruwa a jiki suna iya lalata ƙoda, in an daɗe ana bayarwa suna kawo gyambon ciki, don haka tare da ruwa suke tafiya, kuma ba a haɗa biyu lokaci ɗaya. Fuluniksin a doki ba a yin sa a tsoka, yana iya jawo mummunan ruɓewar nama, a saniya kuma ba a so a ba da shi dab da haihuwa ko kafin mabiyiya ta faɗo. Deksametason, wani maganin kumburi na daban da wasu suke ɗauka maganin komai ne, yana sa saniya ko tunkiya ko akuya mai tsohon ciki ta zubar, a kiyaye.

Na uku antibayotik, kuma kar wani ya fahimce ni a baibai, yana da muhimmanci, musamman a jarirai da duk inda ƙwayar ta shiga jini, amma aikinsa kashe bakteriya ne, ba ya taɓa gubar da ta riga ta zuba, ba ya kashe wutar da sitokin suka kunna. Kuma sai an zaɓi wanda yake kama Giram-negatib, fenisilin zalla ba ya yi wa E. coli komai. Akwai polimiksin B da ake ba dawaki a ƙaramin adadi don yana kama lipid A ɗin kansa ya riƙe, sai dai shi ma yana taɓa ƙoda, aikin likita ne. Kalsiyam in za a ba saniya mai wannan ciwon ta jijiya, a hankali ƙwarai ake yi don zuciyarta ba ta jure shi kamar ta mai ciwon rashin kalsiyam zalla. Sai kuma rufe ƙofar da muka yi magana: wanke mahaifar goɗiya, tiyatar hanjin da ya murɗe, cire mahaifar karya, kwashe abin da ke tumbi. Ka tambayi kwanakin da za a jira kafin a sha madara ko a ci naman dabbar da aka yi wa magani, ka rubuta a bango.

Toshe hanya tun kafin a zo nan

Dakashi, dakashi, dakashi. Jariran shanu, tumaki, awaki da dawaki ana haifar su kusan babu garkuwa daga uwa, sai abin da suka sha a nonon farko, kuma hanjinsu yana ɗaukar garkuwar ne a awannin farko kawai, zuwa awa 24 ƙofar ta rufe. Maraƙi ya samu kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin awa shida na farko, da wuri ya fi, kuma ka gani da idonka ya sha, kar ka ɗauka. Tsoma cibiya a aidin. Wurin haihuwa ya zama busasshe.

Ga masu tatsa, kan nono yana zama a buɗe na ɗan lokaci bayan tatsa, sai ka zuba musu abinci su tsaya tsaye kamar rabin awa kafin su kwanta. Shimfiɗa ta zama busasshiya, yashi ya fi garin katako, don jiƙaƙƙen garin katako gidan Klebsiella ne. Akwai rigakafin J5 da ake yi wa shanun tatsa, ba ya hana kamuwa amma yana rage tsananin ciwon. Ƙarin hatsi a yi shi sannu a hankali cikin sati biyu zuwa uku tare da isasshiyar ciyawa, ɗakin ajiyar abinci kuma a kulle shi da gaske.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, alluran rigakafin da aka yi da matattun bakteriya Giram-negatib suna ɗauke da ɗan endotoksin a cikinsu. Ɗaya ba matsala, amma ka haɗa uku ko huɗu rana ɗaya a tsakar zafin rana ga dabbar da ta sha tafiya, za ka iya ganin rawar jiki, haki, har ɓari. A raba su, a yi da sanyin safiya, kar a bar kwalbar ta daskare ko ta sha rana don hakan yana fasa ƙwayoyin ya ƙara sakin gubar. Su kansu magungunan allura ana gwada su kafin su fito kasuwa, da can zomaye ake yi wa allura a ga ko za su yi zazzaɓi, daga baya Frederick Bang da Jack Levin suka gano jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, Limulus, yana daskarewa in ya haɗu da endotoksin ko kaɗan ne, shi ya zama gwajin da ake amfani da shi. Wannan tsabtar da aka sha wahala a kanta, allura ɗaya mai datti da ka mayar cikin kwalba ta isa ta ɓata ta.

In dabbar ta tashi, kar ka saki jiki tukuna

A doki abin tsoro na gaba shi ne kofato. Kwana ɗaya zuwa uku bayan ciwon, naman da yake riƙe ƙashi da bangon kofato yana iya kumbura ya saki, doki ya tsaya yana jingina baya yana ƙin taka ƙafafun gaba, kofaton da zafi, jijiyar bayan idon sawu tana bugu da ƙarfi. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne a sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara tun daga kofato har sama da idon sawu, ba tsayawa, awa 48 zuwa 72, kuma a fara tun kafin ɗingishi ya bayyana, in ka jira ya fara ɗingishi ka makara da yawa. Aiki ne mai gajiyarwa, ana canja ƙanƙara dare da rana, amma dokin da kofatonsa ya saki sau da yawa ba ya komawa aiki.

A saniya ka lura da fitsari, in ba ta yi ko kaɗan take yi bayan duk ruwan da aka ba ta, ka gaya wa likita don ƙoda ce. Mai ciki tana iya ɓari cikin kwanakin da suka biyo baya saboda furostagilandin ɗin da gubar ta tayar yana rusa abin da yake riƙe cikin, akuya ma haka. Ɓangaren hantsar da ya kamu yana iya dawowa a hankali cikin makonni, yana iya kuma bushewa sai haihuwa ta gaba, ka ci gaba da tatsarsa kana duba launin fatar wurin, in ta fara yin sanyi tana baƙi ka kira likita a ranar. Abinci kuma ciyawa za ka fara da ita, hatsi sai tuƙa ta dawo sosai kashi ya daidaita, sannan ka shigo da shi kaɗan-kaɗan kana auna zafi da bugun zuciya safe da yamma na aƙalla kwana uku.